Dubet na ulu ko na gashin agwagwa: wanne za ki saya, kuma ya za ki riƙe shi

'Yan uwa da kuka shigo Ingila a watan Satumba, sanyin nan ba irin hunturun Kano bane mai busar da leɓe, wannan jiƙaƙƙen sanyi ne da ke shiga har ƙashi, kuma ba za ki iya barin hita a kunne har asuba ba saboda kuɗin gas. Toh ki nemi dubet mai kyau, wato bargon nan mai kauri da ake cusa wa gashi ko ulu a ciki, tun kafin Disamba.

Farko ki duba lambar tog a jikin ledar, ita ke nuna ɗumi. 4.5 na bazara ne, 10.5 na tsaka-tsaki, 13.5 shi ne na tsakiyar sanyi. Dubet na gadon mutum biyu kuma 200 da 200 ne a santimita.

Na gashi iri biyu ne, akwai lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko na dinya, akwai kuma mai tsinke wanda yafi araha da nauyi. Ki karanta kaso nawa ne lallausan, in mai tsinken ya fi yawa za ki ji yana sokinki ta cikin yadin. Ki matse shi da hannu ki saki, in ya taso da sauri ya kumbura mai kyau ne. Kuma ki zaɓi wanda aka ɗinke gida-gida, in ba haka ba gashin duk sai ya gangara ƙafa ya bar miki kafaɗa a waje.

Ni dai wallahi ulu na fi so. Maigida mai zufa ne ko cikin sanyi, ulu kuma yana shan gumi ba tare da kin ji shi a jiƙe ba, tunda muka koma shi aka daina yaye bargo tsakar dare. Yana da ɗan nauyi kam, kuma sabo yakan yi warin tumaki kaɗan, ki shanya shi a iska zai tafi.

Wajen kula nan ne ake asara. Ki saka masa riga, rigar za ki dinga wankewa duk sati ko biyu, shi kansa sau ɗaya a shekara ya isa. Da safe ki karkaɗe shi ki barshi ya sha iska kafin ki gyara gado. Na gashi ki kai gidan wanki mai babban inji, sabulu kaɗan, sannan a busar a hankali da ƙwallon tenis biyu ko uku a ciki don su warware dunƙulen. Dan Allah ki tabbata ya bushe har ciki, nawa na farko na cire shi da sauran laima na ninke, bayan kwana uku warin ruma ya cika ɗaki, gashin ya cure kamar danƙo, dole na zubar.

Ulu kuwa ba ya son ruwan zafi da murza, tsukewa yake yi ya taurare kuma ba ya dawowa. Sai in an rubuta ana wanke shi a inji, digiri 30, ki shanya a shimfiɗe.

In zafi ya zo ki ajiye a jakar yadi, banda ledar nan da ake zuƙe iska, tana karya gashi. Na ulu ki wanke rigar ki tabbata babu datti kafin ki ɗaga shi, don asu na son ulu sosai.