In an ɗora maka kula da muhalli a bariki, ga inda zaka fara

Da yawa in an ce masu muhalli sai su ɗauka shara ce kawai da yankan ciyawa ranar Asabar kafin oga ya zo zagaye. To wannan ƙaramin aiki ne wallahi. Babban aikin yana garejin motoci, can zaka fara zuwa.

Ka tsaya ka ga inda makanikai ke juye baƙin mai in sun yi wa mota sabis. In a ƙasa ne ko cikin kwata to ka hana tun ranar, a samo durom mai murfi a ɗora shi kan daɓen siminti ƙarƙashin rumfa, a ajiye bokitin yashi kusa saboda in ya zube a tsane shi nan take, kar wani ya ce bari ya kora da ruwa, korawar nan ita ke kai shi ƙasa. Tankin man gas na janareta ma a yi masa ɗan gini kewaye yadda ko ya yi yoyo ba zai wuce nan ba. Dalili kuwa ruwan burtsatsen da iyalan sojoji ke sha daga ƙarƙashin wannan ƙasar yake fitowa. A Amurka akwai sansanin Camp Lejeune, daga 1953 har 1987 mutane na shan ruwan da mai da sinadaran wanki suka gurɓata, har yau ana shari'ar diyya saboda cutar daji. Don haka ka riƙa kai ruwan gwaji, musamman bayan damina, ka kuma tabbata masai da soke-awe sun yi nesa da rijiya kamar mita 30.

Tsofaffin batura kar a bari yara su fasa, dalma ce a ciki, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. A tara su ɗaki ɗaya a kulle, a rubuta adadi.

Sai wuta. Da hunturu a share ciyawa fes kewaye da ma'ajiyar makamai, ba ƙona bola ba ƙona daji a wajen. Wanda ya san 27 ga Janairu 2002, ranar da gobara ta sa ma'ajiyar makamai ta fashe a barikin Ikeja a Legas, baya buƙatar dogon bayani, sama da mutum 1,000 suka rasu, da yawansu a ruwa suka nutse wajen gudu.

Maganar leda da kwatoci a layukan iyali da kasuwar mami kuwa, kar ka wahalar da kanka da kashedi a takarda, ka je wajen magajiya, shugabar matan bariki, in ta sa baki matan zasu fito. Sharar asibitin bariki ita daban ake tara ta, allurai cikin kwalin da aka tanada, ba'a haɗa su da bolar gida.

Kuma duk abin da ka gani ka rubuta a littafi da kwanan wata, ka kai wa RSM, wato babban saja-manjan bariki, kwafi, don gobe za'a iya yi maka canjin wajen aiki, wanda zai gaje ka ya san wane durom ne ke yoyo.