Lemu ko Yakuwa: Kurakuran da Masu Lambun Gida Suka Fi Yi a Jos

Wanda ya samu ɗan fili a bayan gida a Jos yakan tsaya tsakanin abu biyu, ya dasa lemu ko ya shuka yakuwa, tunda dukansu masu tsami ne kuma uwargida tana buƙatarsu a madafa. Kuskuren farko yana nan tun kafin a ɗauki fartanya, domin mutane suna auna su da ma'auni ɗaya alhali rayuwarsu ba iri ɗaya ba ce. Yakuwa shukar damina ɗaya ce, wadda za a zuba irinta a watan Yuni, a ci ganyenta cikin makonni shida zuwa takwas, a cire zobonta da kaka, sannan ta bushe. Lemu kuwa bishiya ce da za ta zauna shekaru masu yawa tana neman ruwa har da rani. Saboda haka ɗan haya, da wanda rijiyarsa ke ƙafewa a watan Maris, su riƙe yakuwa. Mai gidan kansa da ke da ruwan ba da shuka duk shekara shi ne ya dace ya yi tunanin lemu.

A wajen lemu aka fi tafka asara, kuma yawancinta daga sayen dashe take farawa. Mutum zai sha lemu mai zaƙi da aka kawo daga Binuwai, ya shuka ƙwallonsa, ya zauna jira. Irin wannan bishiya takan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai ko fiye kafin ta yi fure, ga ƙaya, ga tsawo. Gyaran shi ne a sayi dashen da aka yi wa aure, wato wanda aka ɗauko idon lemu mai kyau aka haɗa shi a jikin wani tushen da ake kira uwa; irin wannan yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu. Kada a yarda da maganar mai sayarwa kawai. A duba gindin dashen kamar taƙin hannu ɗaya daga ƙasa, za a ga ɗan karkace ko tabo a inda aka haɗa ido da uwar. In babu wannan alamar, a ajiye shi a nemi wani.

Wannan wurin auren shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin a kansa na rasa bishiyata ta farko. Na haƙa rami mai zurfi, na binne dashen har ya wuce tabon, sannan kowace damina ina tara masa ƙasa a gindi kamar yadda ake yi wa masara, ina ganin ƙarfi nake ƙara masa. A shekara ta uku sai na ga wani danƙo mai ruwan zuma yana tsattsafowa daga ɓawon gindin, ɓawon ya tsage, ganyen ya koma rawaya, kuma kafin hunturu ya fita rassan gefe ɗaya sun mutu. Cutar ruɓewar gindi ce, wadda danshi mai daɗewa a jikin ɓawo yake jawowa, kuma a garin da ruwan sama yake kai wa kimanin milimita 1,400 a shekara ba ta da wuyar kamawa. A dasa lemu daidai zurfin da yake a cikin ledarsa, a bar auren a sarari yana shan iska, a yi kwarin ba da ruwa nesa da gindi, ƙarƙashin bakin rassa inda ƙananan saiwoyi suke. Haka ma taki: kashin kaji ɗanye da aka jingina wa gindi ƙona shi yake yi, sai wanda ya ruɓe, shi ma a watsa shi a kewaye.

Akwai kuma tohon da ke fitowa daga ƙasan aure, mai saurin girma da manyan ƙayoyi. Mutane da yawa suna murna da shi, su bar shi ya rinjayi bishiyar, bayan shekaru su tarar da wani lemu mai kaurin ɓawo da tsami wanda ba shi suka saya ba. Uwar ce ta farfaɗo. A riƙa karye shi tun yana ɗanye. Sannan a lura da ƙasar Jos kanta, domin a unguwanni da dama dutse ko marmara ne a ƙasa kaɗan, wasu filayen kuma tsoffin wuraren haƙar kuza ne. A cika ramin da ruwa kafin dashe. Idan gari ya waye ruwan yana nan, to a tada tudu a dasa a kai, ko a sake wuri. A bar mita shida tsakanin lemun zaƙi da ɗan'uwansa, lemun tsami kuma mita huɗu zuwa biyar, kuma kada a manna shi da katanga.

Yakuwa ta fi haƙuri nesa ba kusa ba, amma ita ma tana da sirrinta, wato tsawon yini. Ba ta yin fure sai yini ya fara gajarcewa, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, ko da yaushe aka shuka ta. Wanda ya makara ya zuba iri a ƙarshen Agusta zai ga ta yi fure tana 'yar guntuwa, zobon da za ta bayar bai taka kara ya karya ba. Wanda kuma ya shuka ta ƙarƙashin fitilar tsaro mai kwana a kunne yana iya ganin ganye shar amma fure ya yi jinkiri. Yawan takin zamani ma haka yake yi mata. Tunda Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinta yana rage saurin girman yakuwa idan aka gwada da Jigawa ko Kano, inda ake nomanta da yawa har ana fitar da zobo zuwa Meziko, don haka a nan shuka da wuri a wurin da rana ke duka sosai ya fi muhimmanci.

Wani kuskuren shi ne son samun komai daga tushe ɗaya. Uwargida za ta riƙa tsinkar ganye kullum don gwate ko miyar taushe, sannan a yi mamakin ƙarancin zobo. Abin da ya fi shi ne a raba kunya biyu: ɗaya a shuka da kauri don ganye, ɗayar a ba kowane tushe tazarar kusan mita guda a bar shi don zobo. A kuma tambayi mai iri ko ja ne ko fari, domin jan ne na sha, farin kuwa an fi sa shi a miya. Idan fure ya faɗi, bayan mako biyu zuwa uku zobon ya yi nama, sai a yanke shi, a cire ƙwanson da ke ciki, a shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a kan kwalta ba. Wasu tushe biyu ko uku a bar su su bushe don gurguzu, wanda shi ne irin baɗi.

Mai son duka biyun yana iya haɗa su a shekaru biyu ko ukun farko, lokacin da lemun bai yi inuwa ba, muddin ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi daga gindinsa ba a shuka komai, domin saiwar lemu a sama-sama take kuma fartanya tana yanke ta. Da zarar rassa sun fara haɗuwa, sai a mayar da yakuwar gefen katangar da ta fi samun rana.