Yadda Ake Gyara Fuskar Kwamfuta Don Aiki Ya Yi Sauri a Shagon Buga Takardu

Duk mai shagon buga takardu a ƙauyukan Ringim ko Gumel ya san yadda ranar kasuwa take. Layi ya yi tsawo, batirin sola na sauka, kai kuma kana lalube cikin tarin fayiloli kana neman takardar wani. Wannan laluben ne ke cinye lokaci da man janareta, alhali gyaransa ba wuya.

Fara da share tarin fayilolin da ke fuskar kwamfutar, wato desktop. Ka buɗe folda uku kacal: ta takardun makaranta, ta wasiƙu da yarjejeniyar cinikin gona, sai ta hotunan fasfo. Kowane fayil ka sa masa sunan mai shi da kwanan wata, domin wanda ya buga takarda yau zai iya dawowa bayan damina ya ce a sake fitar masa da ita.

Daga nan ka koma sandar ƙasan allo. Buɗe Word, ka danna alamarsa da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Pin to taskbar. Haka za ka yi wa Chrome. Maɓallin Windows, mai alamar taga, tare da 1 zai buɗe na farko a jeren sandar, Windows da 2 na biyu.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne raba allo gida biyu. Riƙe Windows ka danna kibiyar hagu, takardar da ke buɗe za ta kama rabin allo. Ɗayar kuma ka tura ta dama. Idan kana kwafar suna daga takardar NIN zuwa fom, idonka na kan duka biyun. Harafi ɗaya da ya kuskure a sunan ɗalibi kan jawo wa iyayensa zirga-zirga zuwa Dutse da kashe kuɗin mota, don haka kada ka dogara da hadda.

Idan kwamfutar na nauyin tashi, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Startup, ka kashe manhajojin da ba ka buƙata. Amma ka bar ta kariya daga ƙwayar cuta.

Masu kawo wasiƙar Hausa kuwa, ka shiga Settings, ɓangaren harshe, ka ƙara Hausa don samun ƙ, ɗ da ɓ. Windows da dogon maɓallin tazara ke sauya harshen rubutu. Duk waɗannan matakai suna aiki a Windows 10 da Windows 11.