Darasi na Tara: Yaron da Cikinsa Ba Ya Karɓar Alkama

Gudawa ga yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku abu ne da kowace uwa a Bauchi ta sani, kuma galibinta daga gurɓataccen ruwa ne, ko tsutsar ciki, ko abincin da ƙuda ya sauka a kai. Irin wannan takan tsaya cikin 'yan kwanaki idan aka ba yaro ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zinki. Darasinmu na yau a kan wata daban ce, wadda ke tafiya tana dawowa wata da watanni, an sha maganin tsutsa, an tafasa ruwan sha, amma yaro sai ƙara ramewa yake yi. A gida akan ce haƙori ne, ko kuma yaron ya sha ciki. Fitowar haƙori kuwa ba ta rage wa yaro nauyi.

Ɗaya daga cikin abubuwan da likita zai bincika shi ne cutar siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai suna gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Yawancin mutane suna cinsa lafiya lau, amma akwai waɗanda idan ya shiga cikinsu sai garkuwar jikinsu ta far wa ƙaramin hanji, ta lalata 'yan ƙananan tsirai da ke jikin bangonsa, waɗanda su ne ke tsotse amfanin abinci. Daga nan yaro zai ci ya ƙoshi, amma abincin ya wuce bai amfane shi ba. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya gano alaƙar cutar da alkama, kuma yunwar da aka yi a ƙasarsa a 1944 zuwa 1945 ta ƙarfafa masa hujja, domin yaran da ke fama da ita sun sami sauƙi da burodi ya ɓace, suka koma ciwo da ya dawo. A duniya ana ƙiyasin tana kama kusan mutum 1 cikin 100. Kada a ɗauka cutar Turawa ce kawai, domin a 1999 an same ta a jikin fiye da yara 5 cikin 100 na al'ummar Sahrawi da ke sansanin gudun hijira a Aljeriya.

Alamunta sukan fara ne bayan an soma ba yaro burodi da shayi, ko biskit, ko taliya, ko kunun gwangwani na alkama. Uwa ce ta fi kowa ganin su, saboda ita ke wanke masa jiki. Kashin yakan zo da yawa, fari-fari, da maiƙo da wari mai tsanani, kuma yana da wuyar wankuwa daga fo. Ciki ya kumbura, alhali hannuwa da cinyoyi sun sirance, ɗuwawu ya yamutse har fatar ta yi laushi. Yaron ya cika rigima, ba ya son wasa, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari saboda ƙarancin jini. Wasu yaran ma ba gudawa suke yi ba, sai taurin bayan gida ko yawan amai. Katin awon nauyi shaida ne babba, don haka a riƙa zuwa da shi asibiti. Cutar tana bin jini: idan uwa ko uba ko ɗan'uwa na ciki ɗaya yana da ita, kusan 1 cikin 10 na makusantansa kan kasance da ita.

Ga wurin da iyaye suka fi yin kuskure. Da zarar sun ji wannan bayani sai su hana yaro duk abin da aka yi da fulawa, sa'an nan su tafi asibiti bayan wata biyu. Gwajin jinin da ake yi yana neman alamar faɗan da jiki ke yi da gulutin ne, kuma idan an daina cin alkama alamar takan ja baya, sakamako ya fito kamar babu komai. Saboda haka yaro ya ci gaba da cin abincinsa har a ɗebi jinin, kuma wani lokaci likita zai buƙaci a zura siririn bututu mai kyamara a ɗauko ɗan ɓangaren hanji a duba. Wannan ya fi ƙarfin asibitin unguwa, sai a nemi takardar tura majiyyaci zuwa sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Uwa tana iya cewa, "Likita, gudawar nan ta fi wata uku tana dawowa, kuma na lura ta fi tsananta tun da ya fara cin burodi." Amma yaron da idonsa ya faɗa, ko ya ƙi shan nono da ruwa, ko aka ga jini a kashinsa, a kai shi asibiti a ranar.

Akwai kuma yaran da alkama ke kumbura musu ciki alhali gwaji ya nuna hanjinsu lafiya yake. Wannan babu gwajin da ke tabbatar da shi, likita ne zai sa a janye alkamar a sake gwadawa bayan ya kawar da zaton siliyak. Wanda jikinsa ke yin borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe jim kaɗan bayan cin alkama, matsalarsa daban ce kuma ta gaggawa.

Idan an tabbatar da siliyak, maganinta shi ne barin alkama da sha'ir har iya rayuwa, ko da yaron ya murmure. A nan mu mun yi sa'a, domin gero da dawa da masara da shinkafa da acca duk babu gulutin a cikinsu, haka wake da gyaɗa da rogo da doya da dankali. Tuwon dawa, da fura, da kunun gyaɗa, da ƙosai, da alale, duk yaro zai ci. Abin da zai bari shi ne burodi, gurasa, funkaso, alkaki, cincin, fanke, taliya, tuwon semo da lemon malt.

Wahalar tana wajen fulawar da ke ɓuya. Masar Bauchi da shinkafa ake yin ta, amma wasu masu suya sukan ƙara fulawa a ƙullun, haka ma masu ɗan wake, don haka sai an tambaya kafin a saya. Man da aka soya fanke a ciki bai dace a soya wa yaron ƙosai da shi ba. A wurin injin niƙa kuma, idan alkama aka gama niƙawa, a ware garin da ya fara fitowa don manya, ko a je injin da ba a kai masa alkama. Kayan gwangwani da dunƙulen miya a ba wanda ya iya Turanci ya karanta abin da aka haɗa su da shi. A sanar da kaka da maƙwabta da malamin makarantar allo, domin biskit ɗin da ake miƙa wa yaro don ƙauna ya isa ya tayar masa da ciwon.