Darasi na 9: Gwal Ya Ɓata, Rasit Ma Babu

Wata ɗaliba a ajinmu na yamma ta yi mako biyu ba ta zo makaranta ba. Da ta dawo sai muka ji dalili. Ranar da suka tafi biki ƙauyen mijinta, ɓarayi suka ɓalle kwaɗon ƙofa, suka shiga har ƙuryar ɗaki. Sun tafi da sarƙar gwal, da awarwaro biyu, da ɗan kunne ɗaya. Ɗayan ya faɗi bayan gado, sai bayan kwana uku tana shara ta tsince shi.

Mijinta ma'aikaci ne, kuma ya yi wa kayan gidan inshora. Suka je ofishin kamfanin tare. Jami'in ya jajanta musu, ya miƙo fom, sannan ya ce, "Hajiya, ina rasit ɗin kayan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sarƙar nan a lefe ta zo, shekara 14 ke nan. Wa ke ba amarya rasit ɗin kayan lefe? Awarwaron kuma Innata ce ta sayo mini a Makka, ga shi ta rasu."

Ta dawo gida ta fidda rai. Bai kamata ba. Yawancin gwal ɗin da ke hannun matanmu haka yake: na lefe ne, ko na gado, ko tsarabar aikin Hajji, ko wanda aka saya wajen dillaliya da kuɗin adashi. Kamfanin ma ya san haka. Rasit shaida ɗaya ce kawai cikin shaidu.

Abin da kamfani ke son sani

Tambayoyinsa uku ne. Da gaske kina da kayan? Da gaske sun ɓata, kuma ta hanyar da yarjejeniya ta ambata? Nawa ne kuɗinsu? Rasit yana taimakawa a ta farko da ta uku. In babu shi, sai a amsa su da wasu abubuwa.

Kafin komai, a ɗauko takardar yarjejeniyar, wadda ma'aikatan inshora ke kira "folisi". In karatu bai yi ƙarfi ba, a samu wanda aka yarda da shi ya karanta a hankali, layi bayan layi. A duba ko an biya kuɗin shekarar, domin a dokar Najeriya in ba a biya ba, babu inshora. A duba kuma irin asarar da inshorar ta ƙunsa. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Inshorar fasa gida takan nemi alamar an shiga da ƙarfi, kamar ɓallallen kwaɗo ko tsinkakken ƙarfen taga. Sarƙar da ta tsinke ta faɗi a cunkoson kasuwa, ko zoben da aka cire wajen alwala aka manta, ba su shiga nan ba, sai in an sayi inshorar da ta haɗa da ɓata a wajen gida. Akwai kuma layin da ke faɗin iyakar abin da za a biya a kan kayan ado, da iyakar abu guda ɗaya wanda ba a rubuta sunansa daban ba. A ja layi a ƙarƙashin wannan lamba, za mu dawo kanta.

Kwanakin farko

Kada a gyara ƙofa kafin a ɗauki hoto. A ɗauki kwaɗon, da akwatin da aka farke, da ɗakin yadda aka bar shi. A je ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, a ba da rahoto, a faɗi kowane abu da sunansa, a karɓi takardar rahoton. Sau da yawa kamfani yakan nemi takardar rantsuwa ta kotu, ita ma a yi ta. Sai a sanar da kamfani da wuri, domin yarjejeniya takan yanka wa'adi. Kiran waya yana da kyau, amma a bi shi da rubutu, ko wasiƙa ko imel, a rubuta kwanan wata, a riƙe kwafi. Maganar baki iska ce.

Abin da aka faɗa wa 'yan sanda, shi za a faɗa wa kotu, shi za a rubuta a fom. In awarwaro biyu ne a caji ofis, kada su zama huɗu a ofishin inshora.

Shaidun da ke cikin gida ba a sani ba

Nan za mu daɗe, domin nan aikin yake.

Mu fara da ɗan kunnen da ya faɗi bayan gado. Ɗalibarmu ta so ta sayar da shi don haushi. Aka hana ta, kuma shi ya zama babbar shaidarta. Ta kai shi wajen mai sayar da gwal a kasuwa, ya ɗora a ɗan ƙaramin sikelinsa, ya nuna giram 3.5. Ya juya shi, ya sa madubin ƙara girma, ya nuna mata wasu ƙananan lambobi a jikin maƙallin: 875. Wannan lamba tana nufin karat 21, wato a cikin kashi 1,000 na ƙarfen, 875 zinare ne zalla. In aka ga 750, karat 18 ne. In 916 ne, karat 22. In 999 ne, karat 24. Tunda sarƙar da 'yan kunnen saiti ɗaya ne, ɗan kunne guda ya gaya wa kowa irin gwal ɗin da aka sace, ya kuma raba gardamar ko na gaske ne ko wanda aka yi wa ruwan gwal.

Sai hotuna. Wace amarya ce ba ta ɗauki hoto da sarƙarta ba? Hoton kamu, na suna, na Sallah, da bidiyon buɗen lefe inda ake ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana guɗa. A nemo wanda kayan suka fito sarai. Hotuna na shekaru daban-daban sun fi ƙarfi, don suna nuna kayan sun daɗe a hannu, ba aro aka yi na yini ɗaya ba. A tura su yadda suke daga waya, domin hoton waya yakan riƙe ranar da aka ɗauke shi.

In ta banki aka biya, a je reshe a nemi takardar bayanin asusu ta wannan watan. Za ta nuna rana, da adadin kuɗi, da sunan wanda ya karɓa. A duba tsoffin saƙonnin WhatsApp, wataƙila mai shagon ya turo hoton sarƙar a kan sikeli kafin a yi ciniki, kamar yadda da yawansu ke yi. A koma shagon ma. Wasu 'yan kasuwa suna da littafin da suke rubuta ciniki, kuma za su iya ba da kwafi, ko wasiƙa mai hatimin shago. Amma fa wasiƙar ta ɗauki kwanan watan yau, ta ce "na sayar a shekara kaza". Kada a yarda wani ya rubuta sabon rasit ya sa masa tsohon kwanan wata. Wannan jabu ne, kuma in aka gano shi yakan rushe neman diyyar gaba ɗaya, har a kai ga hukuma.

Gwal na gado yana da tasa hanyar. In a kotu aka yi rabon, ko malami ya raba aka rubuta, takardar takan faɗi abin da aka yi wa ƙima da wanda ya samu. Maƙerin da ya taɓa gyara maƙallin sarƙar shaida ne. Gwaggon ango da ta kawo lefe shaida ce, haka ƙanwar uwar da aka je kasuwar Makka da ita. Su rubuta abin da suka sani, su sa hannu ko su dangwala yatsa. Ko ɗan akwatin da kayan suka zo a ciki kada a yar, sau da yawa sunan shago yana jikinsa.

Ko ɗaya cikin waɗannan bai kai rasit ƙarfi shi kaɗai ba. Amma tsintsiya ai a ɗaure take shara.

Yadda ake sa kuɗi

Gwal ya fi yawancin kaya sauƙin lissafi. Atamfa tana tsufa, talabijin yana tsufa, gwal kuwa nauyi ne da karat. A kai hotuna wajen amintaccen mai gwal, ya nemo irin sarƙar a shagonsa ya auna, ya rubuta: "Sarƙa irin wannan, karat 21, kimanin giram 20, farashin giram a yau kaza, kuɗin aiki kaza." Ya sa sunan shago da lambar waya da hatimi. In an samu daga shago biyu ya fi.

Ga misali, kuma lambobin na koyon lissafi ne kawai, ba farashin kasuwa ba. A ce giram ɗaya naira 100,000 ne. Sarƙa mai giram 20 ta kama naira 2,000,000. Yanzu a koma ga layin nan da muka ja. In yarjejeniya ta ce abu guda da ba a rubuta daban ba iyakarsa naira 500,000, to abin da za a samu ke nan, ko da an kawo rasit goma. Akwai kuma wani kaso da wanda ya sayi inshorar ke ɗauka da kansa a kowace asara, shi ma za a cire. Wasu yarjejeniyoyin suna cewa in ɗaya daga cikin abu biyu ya ɓata, kamar ɗan kunne, kuɗin ɗayan kawai za a biya. Ba daɗi, amma gara a sani tun kafin a shiga ofis.

In asarar tana da yawa, kamfani yakan turo mai ƙiyasta asara ya zo gida. Zai duba ƙofa, ya yi tambayoyi, wani lokaci ya maimaita tambaya ɗaya sau biyu. Aikinsa ne, kada a ji an ci fuska. Abin da ba a tuna ba a ce ba a tuna ba. A ba shi kwafin takardu, na asali su zauna a gida. Ni shawarata, kada mace ta zauna da shi ita kaɗai in karatunta bai nuna ba, a samu wanda zai rubuta abin da aka faɗa.

In sun rage, ko sun ƙi

Tayin farko ba hukuncin alƙali ba ne. A ce su rubuto dalilinsu, su nuna sakin layin da suka dogara da shi. Kada a sa hannu a takardar sallama, wadda ke cewa an karɓi kuɗi an gamsu, sai an gamsu ɗin, don bayan sa hannu da wuya a sake buɗe magana. In ta hannun dillalin inshora aka shiga, a sa shi gaba, bin diyya yana cikin aikinsa. In duk an yi ba a daidaita ba, akwai NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta tana Abuja. Tana da sashen karɓar koke. A rubuta mata, a haɗa da kwafin komai.

Masu takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci, su ma a ƙarƙashin NAICOM suke, kuma tun 2013 ta fitar musu da ƙa'idojin aiki. Tambayoyi ukun nan su ma za su yi. Kuɗin da za a biya yana fitowa ne daga asusun da mahalarta suka tara don taimakon juna, saboda haka wanda ya ƙara giram biyar na ƙarya, aljihun 'yan uwansa ya shiga.

Ɗalibarmu ta haɗa ɗan kunnen, da hotuna 6, da wasiƙar mai gwal, da takardar gwaggon mijinta. An biya ta kuɗin sarƙar har iyakar da yarjejeniya ta sa. A kan awarwaron sun ja, domin hoto ɗaya ne kawai, kuma mayafi ya rufe rabin hannun. A ƙarshe aka biya ɗaya.

Aikin aji

Ɗan kunne ɗaya giram 3.5 ne. Giram nawa ne biyun? In giram naira 100,000 ne, nawa ne kuɗinsu?

An ga lamba 750 a cikin zobe. Karat nawa ne?

Aikin gida

Ɗauko duk abin adon da ke da daraja a gida. Ɗauki hoton kowanne a kan farar takarda, gaba da baya, har da ƙananan lambobin. In za ki kasuwa, sa a auna miki. Ja layi huɗu a littafinki, ki rubuta suna, nauyi, karat, da inda aka samo. Tura hotunan ga mutum ɗaya da kika amince da shi, kada su zauna a waya ɗaya, don ɓarawon da ya ɗauki sarƙa ba zai bar waya ba. Littafin ba na zuwa aji ba ne, a ajiye shi nesa da akwatin gwal ɗin. Abin da za a kawo ranar Talata shi ne wasiƙa mai layi biyar zuwa ga kamfani, wadda ke sanar da ɓatan zobe: wace rana, a ina, ta yaya, da lambar yarjejeniya.