Yadda za ka horar da ɗaliban mastar da doktora a binciken gigin tsufa

Malamai 'yan uwana na jami'o'in Garwa, Marwa da Ngaundere a Kamaru, in ɗalibi ya zo yana son yin bincikensa kan ciwon mantuwa na tsofaffi, don Allah kar ka ƙulle shi a sashenka kai kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon nan a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma suna ƙasashe irin namu, aikin ya fi ƙarfin fanni ɗaya.

Ka haɗa su tun rana ta farko, ɗan likitanci, ɗan ilimin zamantakewa, mai lissafin ƙididdiga, in da hali da ɗan sashen harsuna, kowa da malamai biyu daga fanni daban. Dukansu su fara da asibiti ko da ba likitoci ba ne, su ga bambancin cutar Alzheimer da mantuwar da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, su kuma san akwai ruɗewar da ake magancewa, kamar ta ƙarancin bitamin B12 ko ciwon damuwa, kai wani tsohon ma kunne ne kawai ya yi nauyi ake cewa ya gigice.

Inda zan fi jan kunne shi ne gwaji. Gwajin ƙwaƙwalwa na MMSE ɗin nan na 1975 mai maki 30 da kowa ke saukewa a intanet, cewa yake mutum ya yi ta cire 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya kwafi zane, to tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba ai faɗuwa za ta yi alhali lafiyarta lau, ta san bashin da take bin kowa a kasuwa. Ka koya musu CSI-D, wani gwajin gano gigin tsufa a cikin al'umma, wanda aka yi aiki da shi a binciken Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka tun 1992, shi har ɗan uwan da ke zaune da tsohon yake tambaya. Su fassara shi zuwa Hausa da Fillanci, wani daban ya mayar Faransanci a ga ko ma'ana ta kauce, sannan su gwada da tsofaffi kaɗan tukuna. Tambayar kwanan wata ma a yarda da watan Musulunci, ranar kasuwa, damina ko kaka.

Shiga gari kuwa sai an gaida lamiɗo ko jauro, wato sarki ko mai gari, kuma dole a samu ɗaliba mace a tawagar, ita ce za ta shiga cikin gida inda 'ya ko suruka ke ɗawainiyar Inna dare da rana. Su nemi yardar tsohon da ta iyalinsa bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. In sun ji ana cewa maita ce ko aljanu, kar su yi musu a zaure, su saurara su rubuta, wannan ma sakamako ne, kuma yana damuna ƙwarai don tsofaffin mata ne suka fi shan wannan zargi.

Duk wata ku zauna tare, mai lissafi ya bayyana alƙalumansa har ɗan zamantakewa ya gane, shi ma ya yi nasa. Su riƙa fita da na'urar awon hawan jini, duk wanda aka ga nasa ya hau a tura shi asibiti a ranar, kuɗin mashin da na komawa unguwa a gaya wa mutane abin da aka gano kuma a sa su a kasafi tun farko.