Yadda ake ciyar da mesar gida da daskararren ɓera a Yamai

Macijin da masu kiwo suka fi ajiyewa a gida shi ne ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Asalinta Afirka ta Yamma ne, daga Gana da Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka, ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma tana iya rayuwa shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. A kanta wannan bayani ya tsaya, domin kasa da kububuwa da gamsheƙa ba dabbobin ajiyewa a ɗaki ba ne. Abincinta ɓera ne, wanda mutanen Tawa suke kira kusu, kuma tambayar farko ita ce ko a ba ta shi da rai ko a ba ta wanda aka kashe aka daskarar.

Ni dai ina bayan daskararren. Masu cewa ai a daji mai rai take kamawa sun manta cewa a daji ita take zaɓen lokacin farauta, idan kuma ba ta jin yunwa ɓeran yana da wurin gudu. A cikin akwati babu mafita ga kowa. Mesar da ba ta da niyyar ci sai ta dunƙule ta ɓoye kai, ɓeran da ya tsorata ko yunwa ta kama shi ya hau gadon bayanta yana gurgura, har ya kai ga ƙashi idan aka bar su tare dare guda. Ko da ta kama shi, idan kamun bai yi daidai ba yana iya cizonta a baki ko a ido kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ga kuma azabar da shi kansa yake sha, wadda babu dalilin jawo ta tunda akwai hanyar kauce mata.

Kafin maganar firigo, sai a san inda ɓeran ya fito. Kada a taɓa ba maciji ɓeran da aka kama a madafa, ko a rumbu, ko a kwatar unguwa. Maganin ɓeran da ake sayarwa a kasuwa, irin mai hana jini daskarewa, yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, saboda haka ɓeran da ya ci shi yana nan yana yawo, kuma shi ne ma mafi sauƙin kamu. Gubar tana wucewa jikin macijin da ya haɗiye shi. Ban da haka akwai tsutsar ciki, sannan wani nau'in ɓeran gida ne ke ɗauke da zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lasa na ƙasar Borno. Wanda yake son ya kwana da hankali kwance sai ya kiwata fararen ɓeraye da kansa, ko ya saya a hannun mai kiwonsu a keji. Kashewar kuwa a koya wurin likitan dabbobi, wanda zai nuna yadda ake yin ta nan take. Ba a jefa ɓera da ransa cikin firigo.

Girman ɓeran ya yi daidai da kaurin macijin a inda jikinsa ya fi kauri. A sa kowanne a ledarsa, a ɗaure, a rubuta ranar, a zuba su a roba mai murfi a sashen ƙanƙara inda sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, a kuma ƙarar da su cikin wata shida. Sanyi ba ya kashe ƙwayar salmonela da ke haddasa gudawa da zazzaɓi, don haka robar ba ta haɗuwa da nama ko kifin gida. Da ma da wuya a sami uwargidan da za ta yarda ta buɗe firigo neman ƙanƙarar zoɓo ta ci karo da wutsiyar ɓera, saboda haka wanda yake da hali ya nemi ƙaramin firigo na dabam.

A nan Yamai matsalar wannan hanya ita ce ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, musamman a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ƙaramin ɓera ba ya jimawa yake narkewa, kuma idan ya narke ya sake daskarewa ba a ganewa da ido. Dabara mai sauƙi ita ce a daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, a ɗora dala a kan ƙanƙarar, a ajiye kusa da robar. Idan aka tarar dalar ta nutse ƙasan kofin, to komai ya narke a bayan idon mutum, sai a zubar. Wannan ne ya sa ban ga amfanin tara na wata shida a garin nan ba. Na wata ɗaya ko biyu ya isa, a kewaye robar da gorunan ruwan da suka daskare, a kuma daina buɗe firigon har kuran ya dawo.

Ranar ciyarwa, a sauko da ɓera ɗaya zuwa sashen sanyi tun daren jiya, ko a sa shi da ledarsa a cikin ruwan famfo na awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon girmansa. Ba a shanya shi a rana, ba a zuba masa tafasasshen ruwa, ba a kuma sa shi a na'urar ɗumama abinci, domin waje zai dahu ciki yana ƙanƙara, wani lokaci ma cikin ya fashe. A matsa ciki da kai da yatsa: idan akwai sauran tauri ko sanyi, bai yi ba. Daga nan a tsoma ledar a ruwa mai ɗumin da hannu zai iya jurewa na minti goma, har jikin ya kai kusan digiri 37 na ɓera mai rai. Wannan matakin ne mutane suka fi raina wa, alhali mesar tana da ƙananan ramuka a leɓenta na sama da take jin ɗumi da su, kuma ɓera mai sanyi ba ya ja hankalinta.

A miƙa shi bayan magariba, lokacin da take fitowa, da dogon hantsaki, domin hannu mai ɗumi da warin ɓera shi za ta kai wa sara. A riƙe shi ta bayan wuya, a ɗan girgiza shi a gaban maɓoyarta. Idan ta cafke ta naɗe, a ja shi kaɗan sau ɗaya ko biyu sannan a saki, a rufe akwatin a ba ta wuri. Idan ta ƙi, a bar mata shi a bakin maɓoya na 'yan awoyi, abin da ya rage kuma ba ya komawa firigo.

Wadda ta saba da mai rai ba ta sauyawa rana ɗaya. A fara da wanda aka kashe yanzu, da sauran ɗuminsa, sau biyu ko uku, sannan a koma daskararren, a ɗan goga masa ciyawar shimfiɗar kejin ɓeraye saboda wari. Babbar mesa mai lafiya tana iya yin watanni ba ta ci ba, musamman lokacin hunturu, kuma yawanci ba ta ci idan idanunta suka yi fari za ta yi saɓa. A riƙa auna ta, idan ta fara ramewa sosai a kai ta wurin likita. In har ya zama dole a ba ta mai rai, a tsaya a kansu da hantsaki a hannu, a cire ɓeran bayan minti 15.

Ƙarama tana ci duk kwana 5 zuwa 7, babba kuwa duk kwana 10 zuwa 14. Bayan ta ci kada a ɗauke ta sai bayan kwana biyu, in ba haka ba tana iya amayar da shi. Idan ta amayar, a jira mako biyu sannan a gwada ta da ɓeran da bai kai na farko girma ba, kuma duk lokacin da aka gama a wanke hantsaki da hannu da sabulu.